Tsohon da Ya So Ƙwace Mini Jika a Bahiya

Tun da na dawo ban sha shayi da zafinsa ba. Da na zauna a rumfar Ɗan'iya mai shayi a bakin tashar Bungudu sai a kewaye ni. "Malam Haruna, yaya Birazil?" "Wai da gaske can har tsofaffi ƙwallo suke yi?" Alhaji Mamman kuwa, wanda ya yi ritaya daga aikin gwamnati a Gusau, wanda tun da ya je Makka ya hana mu sakat da labarin jirgi, shi ba ya tambaya. Sai ya karkato kunne yana yi kamar duba waya yake. To ga shi na rubuta muku gaba ɗaya da ilimina na aji huɗu, ku bar ni in sha shayi. Wanda ya ga kuskure ya yi haƙuri, ba ni na cire kaina daga makaranta ba, gonar dawa ce a Rawayya ta cire ni.

Ga wanda bai sani ba, ɗana Nura karatun kiwon dabbobi ya yi, aka tura shi Birazil ƙaro ilimi a kan shanu. Mu da Fulani ke kwana da garke a bayan gidanmu, wai sai an haye teku a koyo saniya. Ya je ya koya, ya sami aiki, ya auri wata ma'aikaciyar jinya mai suna Lusiya a wani birni na bakin teku, Salbado, cikin jihar Bahiya. Suka haifi namiji aka sa masa sunana. Shekara biyar a waya kawai nake ganin takwarana. Da ya buɗe baki zai yi magana sai sabis ya ɗauke, ya daskare da baki a buɗe. Kuma duk sanda aka kira, akwai wani tsoho mai furfura, ƙirji a waje, yana riƙe da shi. Wannan shi ne Tome, uban Lusiya. Tun a waya na ƙi jinin mutumin nan.

Saboda haka ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Na je ne yaron nan ya san yana da kaka, ya tako da ƙafarsa ya hau cinyata kafin ƙasa ta rufe mini ido.

Da Nura ya gama mana takardu muka tashi ni da mai ɗakina, Inna Hassi, wadda duk kuka ci ƙosanta. Ni na yi wa yaro tsarabar kilishin Gusau da 'yar hula. Ita ta ƙulla yaji da kuka, ta kuma ɗauki buta. Na ce ta bar butar nan kada ta ba mu kunya. Daga baya ni na fi ta amfani da ita.

Hanyar Abuja kun san ta. Muna wuce Tsafe direba ya kashe rediyo, kowa ya zaro carbi, har wani saurayi mai askin banza da na tabbata bai yi asuba ba. Sai da muka shiga Funtuwa aka tuna da akwai gyaɗa a mota.

Jirgi ya ɗauke mu daga Abuja ya nufi gabas, ƙasar Habasha, alhali Birazil tana yamma. Na ce wa Hassi direban nan ya ɓata kuma girman kai ya hana shi tambaya. A can aka sauya mana wani jirgin, muka juyo muka sake bi ta kan ƙasarmu. Da an tsaya a Gusau an ɗauke mu da kowa ya huta. Rana kuma ta ƙi faɗuwa. Muna gudu tana bin mu, na yi azahar a zaune, na jira la'asar har na fara zargin an soke ta.

Allah ya haɗa mu kujera ɗaya da wata Bayarabiya 'yar kasuwa, Iya Basira, haifaffiyar Sabon Garin Gusau, Hausarta ta fi ta Alhaji Mamman. Ita ta yi mana jagora da muka sauka Birazil a birnin Sawo Fawlo, inda ake duba baƙi. Muna cikin layi sai ga wani ɗan kare sanye da riga, da ma'aikaci a bayansa. Ya wuce Turawa, ya wuce 'yan Sin, ya zo ya zauna a gaban jakata yana kaɗa bindi.

Iya Basira ta ce, "Baba, nama ka ɗauko?"

Na ce, "Ba nama ba ne, kilishi ne."

"Baba, kilishin da ganye ake yi?"

Wata ma'aikaciya ta buɗe jakar, ta yi mini murmushi, ta yi dogon bayani mai daɗin ji, ta jefa kilishin a kwandon shara. Ta shinshina yajin Hassi, ta yi atishawa, ta mayar mata da abinta da sauri. Haka na shiga Birazil, ba ni da komai sai 'yar hula da bakina.

Wani ƙaramin jirgi ya ƙarasa da mu Salbado. Muna fitowa ga Nura, ga Lusiya, ga tsohon nan Tome, yaro a kan wuyansa kamar can aka haife shi. Lusiya ta taho da gudu za ta sumbace ni a kunci, don haka suke gaisuwa. Na goce. Surukuwa! Hassi ce ta sha sumbar, tata da tawa. Tome ya rungume ni yana bubbuga mini baya kamar mai kaɗe tabarma. Da ya sake ni ya sauke yaron a gabana.

To ku gaya mini, me kaka zai ce wa jikan da bai taɓa gani ba? Na dube shi sama da ƙasa, zuciyata kamar ta fashe don daɗi, na ce, "Wanga ne? Wanga ne anka ba sunana? Kai, an cuce ni! Ga kunnuwa kamar faifai, ga kai kamar tulu. Ku mayar da shi ku kawo mini na kirki."

Hassi ta yi dariya. Nura bai yi ba. Tome ya matsa masa sai ya fassara, shi kuma wawan ya fassara tsaf, har da tulun. Lusiya ta kame. Yaron ya taɓa kunnensa, ya dube ni, sai ya ɓarke da kuka ya ƙanƙame ƙafar Tome yana "Bobo, Bobo," wato kaka a yarensu. Na miƙa masa hula ya ture.

A mota Nura ya ce, "Baba, nan ba a yi wa yaro haka."

Na ce, "To mi ake yi masa?"

"Cewa ake yana da kyau."

"Ƙarya ke nan ake koya musu tun suna ƙanana?"

Nura ya juya ya ci gaba da kallon hanya. Amma ni na san na ɓata, kuma wata guda kawai gare ni in gyara.

Masaukinmu gidan Tome ne. Shi yana ƙasa, su Nura a bene. Kullum shinkafa da wake, ana barbaɗa musu soyayyen garin rogo, wato garin kwaki ne da ya yi karatu. Shayi babu, sai gahawa a wani ɗan kofi da ko kaza ba za ta ƙoshi da shi ba. Na shiga bincike ko zan kama naman alade a tukunyar gidan in sami abin faɗa. Nura ya ce ai tun ranar da aka ɗaura aurensu da Lusiya, Tome ya hana shigo da shi. Har gabas Tome ne ya auna mini da wayarsa, ya share wurin ya shimfiɗa darduma. Kun ga muguntar mutumin nan? Ko abin zargi bai bar mini ba.

Wani abin kuma, Nura ba ya kiran sunan yaron, Abba yake ce masa, kamar yadda ya dace. Lusiya kuwa ba ruwanta. Ina zaune ina lazimi sai in ji an daka tsawa daga kicin, "Haruna!" Sai in zabura in ce na'am. Rabon da a kira ni haka tun marigayiya mahaifiyata. Sau da yawa ni nake fara ajiye abin da ke hannuna kafin yaron.

Da muka huta aka kai mu cikin gari. Gari ne hawa biyu, wani a kan dutse wani a bakin ruwa, da wani ƙaton akwati da ke hawa da sauka da mutane tsakaninsu. Gidaje kowanne da launinsa kamar an zubar da kayan koli. Abin da ya fi ɗaure mini kai mutanen ne, baƙaƙe irinmu. Na ga wani sak Ɗan'iya, har da wushiryar, na ce masa, "Kai, wa ka bar wa rumfa?" Ya ɗaga mini babban yatsa ya wuce. Nura ya ce kakanninsu daga ƙasashenmu aka kwaso su a zamanin bauta, har da Hausawa, har da malamai masu rubutun allo. Ya nuna mini dandalin da ake ɗaure su. Na tsaya na yi musu Fatiha. Ina shafawa sai Tome ya dafa ni ya ce wa Nura ya gaya mini shi ma kakar kakarsa daga wajenmu aka kawo ta, don haka ni ɗan'uwansa ne. Na ce a raina, jika bai ishe shi ba, har kakanni yake so mu raba.

A dandalin muka tarar da samari sun yi da'ira suna wani wasa da kiɗa. Dambe ne ba naushi, kokawa ce ba kayarwa. Wannan ya kai ƙafa, wancan ya sunkuya, a yini ba wanda ya taɓa wani. Na ce da a Kekun Waje ne da 'yan kallo sun nemi a biya su ranarsu. Ina rufe baki Tome ya tuɓe takalmi ya faɗa ciki. Mutumin da na girme shi da shekara biyu kacal! Ya dafa ƙasa ya juya ƙafa a sama, takwarana yana tsalle yana tafi yana "Bobo! Bobo!" Ni kuwa gwiwata ko ruku'u sai da lallashi.

Daga nan sai ƙamshi ya ja Hassi. Wata mata ce zaune cikin fararen kaya, siket kamar rumfa, ɗankwali kamar na uwar biki, tana suya a manja. Akaraje suke kiransa. Jama'a, ƙosai ne. Sai dai ƙato ne, a tsaga shi a cusa masa jatan lande da wani kunu mai kauri. Hassi ta gutsura, ta tauna, ta girgiza kai, ta nuna wa matar da hannu cewa ƙullun bai bugu ba. Kafin in hana ta ta karɓe muciya. Ta buga, ta saka, ta kwashe, ta kwance ƙullin yajinta ta barbaɗa. Matar ta ci ta yi ihu ta rungume ta. Turawa suka taru suna ɗaukarsu hoto. Shekara talatin Hassi tana suya a Bungudu ba wanda ya taɓa ɗaukarta hoto sai masu katin zaɓe. Wani Bature ma ni ya miƙa wa wayarsa in ɗauke shi da matata.

Tun daga ranar yaron ya liƙe mata. Ba ta iya kiran sunansa tunda nawa ne, sai ta sa masa Maigida. Ta goya shi da zane, ta ba shi ƙosai a baki. Ni idan na shigo ɗaki sai ya rufe kunnuwansa da hannu ya fita.

Na ce, "Hassi, har da ke?"

Ta ce, "Malam, kai da baki ka taho, ni da yaji. Mi kake so in yi maka?"

"Ki ce masa ni mutumin kirki ne."

"Kai da ka ce kada a koya wa yara ƙarya?"

Kwanaki suna tafiya. Na saya masa alewa, ya karɓa ta hannun uwarsa. Na yi masa kukan akuya, wanda ba wanda ya kai ni iyawa a Rawayya, ya leƙo ya koma. Har na gwada faɗa masa yana da kyau, maganar ta maƙale mini a wuya kamar ƙayar kifi.

Ana saura mako mu dawo aka ce za a je bakin teku. A nan zan taƙaita, saboda akwai yara masu karanta wannan. Tufafin duk mutanen da ke wurin in an haɗa ba su kai hannun babbar rigata ɗaya ba. Na kafa idona a kan babban yatsan ƙafata, ban taɓa sanin yatsan nan kamar ranar ba. Aka ba ni ruwan kwakwa na zauna a inuwa. Can na ɗaga kai kaɗan, sai ga Tome cikin ruwa ya tallabi cikin yaron yana koya masa iyo, suna ta dariya.

Abin ya ci ni. Ni da nake haye gulbin Bungudu da damina, da dami a ka! Na naɗe wando, na saɓa riga, na nufi ruwa. Hassi ta ce, "Malam, ina za ka?" Na ce, "Zan nuna wa wanga mutum ba shi kaɗai ya san ruwa ba."

Abin da ba a gaya mini ba shi ne, gulbi gefe guda yake tafiya, teku kuwa zuwa yake ya koma, kuma yana da fushi. Bugun ruwa na farko ya zo ya taɓa mini gwiwa, na ce ashe abin nan tsoro ne kawai. Na biyu ban gan shi ba. Na dai ji ƙafafuna a sama, babbar riga ta rufe mini kai, na sha ruwan gishirin da zai ishi miyar suna. Sai na ji an cafki ƙeyata an ɗaga ni kamar ɗan akuya. Wa zai cece ni duk faɗin Birazil in ba Tome ba? Ya ajiye ni a kan yashi, ina tari, hulata ta kama hanyar Legas.

Sai na ji dariya. Takwarana ne, ya riƙe ciki yana nuna sanƙona yana ƙyaƙyatawa har yana faɗuwa. Nura ya daka masa tsawa, "Abba!"

Na ce, "Kai, bar shi! Wallahi ka taɓa shi sai na saɓa maka!" Na juya ga yaron ina tari na ce, "Kai mai kunnen faifai, ni kake wa dariya?" Ya ƙara tuntsirewa. Na buɗe hannu. Ya dube ni, ya yi kamar zai zo, sai ya juya ya ruga wurin Bobonsa.

Tome ya cire malafarsa ya kifa mini a kai saboda rana. Muka zauna mu biyu, Nura a tsakiya yana tafinta. Tsohon ya dubi yaron yana wasa da yashi, ya ce, "Ni na koya masa tafiya. Ni nake kai shi makaranta. Ranar da ya yi zazzaɓi a ƙirjina ya kwanta. Amma duk sanda na buɗe baki zan kira shi, sunanka nake kira. 'Ya'yana duk mata ne. Ranar da na mutu sunana ya bi ni. Kai kana can ƙetaren ruwa ba ka ɗaga ko tsinke ba, an ba ka shi gaba ɗaya."

Jama'a, tun da na sauka a ƙasar nan ban ji magana mai daɗin wannan ba. Ashe shi ma yana ciwo! Na daure na ɓata fuska na ce masa ya yi haƙuri, haka Allah ya tsara. Ya ce to me ya sa na zagi yaron? Na ce wa Nura, "Gaya masa a wurinmu uba ba ya wasa da ɗansa. Kai nan na taɓa yi maka dariya?" Nura ya ce a'a, da sauri fiye da yadda nake so. Na ce, "To duk wasan da na hana ka ajiye shi na yi wa ɗanka. Kaka ya tsokani jika, jika ya rama. Jikan da yake girmama kakansa kamar baƙo, ai baƙon ne." Tome ya girgiza kai ya ce mu mutane ne masu wuyar sha'ani. Hassi tana gefe tana jinmu.

Sauran kwanakin na ga ita da Maigidanta suna yawan ƙus-ƙus a kicin, in na leƙa su yi shiru. Na ɗauka gulmata suke yi, kuma ban yi kuskure ba.

Ranar tafiya ta zo yaro bai zo wurina ba. A filin jirgi na zauna a benci da malafar Tome a kaina, don ba ni da wata hular. Na riga na haƙura. Na ce a raina na dai gan shi, ya kuma yi mini dariya sau ɗaya, wani ko haka bai samu ba. Aka fara sallama. Lusiya ta durƙusa ta gaishe ni yadda Hassi ta koya mata, na sa mata albarka.

Sai na ga yaron yana zamewa daga wuyan Tome. Ya ciro 'yar hular nan daga jakar uwarsa ya kifa a kai a karkace. Ya tako, shi kaɗai, har gabana. Ya fizge malafar ya jefar, ya dafa gwiwata mai ciwo ya haye cinyata, ya shafa sanƙona. Ya waiwayi Hassi, ta gyaɗa masa kai. Sai ya buɗe baki da wata Hausa mai tafiya da sanda ya ce:

"Tsoho. Yaushe za ka mutu, mu sha gumba?"

Tome ya ce me ya ce? Nura ya fassara, har da bayanin gumbar da ake rabawa jikoki in tsoho ya rasu. Lusiya ta toshe baki. Tome ya yi alamar addininsu a ƙirji. Ni kuwa na ƙanƙame yaron na ce, "Ba yanzu ba, mai kunnen faifai. Sai na ga aurenka na ƙwace matar." Idona ya yi ta zuba. Gishirin tekun nan ne da ya rage, kada wani ya ce wani abu.

Da a nan labarin ya tsaya da na ce Birazil ƙasa ce mai albarka. Amma ran Juma'ar da ta wuce Nura ya kira, sabis kuma ya yi kyau kamar da gangan. Muna cikin gaisawa sai na hango takwarana a baya ya hau cinyar Tome, ya cire masa malafa, na ji da kunnena yana cewa, "Bobo, yaushe za ka mutu, mu sha gumba?" Tsohon yana ta washe baki kamar an ba shi sarauta. Wai shi ya roƙi a riƙa yi masa.

Mutumin da ko gero bai taɓa gani ba! Na ce wa Nura ya fassara masa, kuma wannan karon ma ya fassara tsaf. Teku nasa ne, na bar masa. Juyi da ƙafa a sama nasa ne. Kai shi makaranta ma ya riƙe. Amma gumbar da yaron nan zai fara sha tawa ce. Na girme shi da shekara biyu, in ma mutuwar ce ya bi layi.